Annobar Garin Austin ta 2015: Darasi a kan Jinkiri da Aikin Maƙwabta

Gabatarwa

A watan Janairu na 2015 ma'aikatan lafiya na jihar Indiyana, a ƙasar Amurka, suka tarar da mutum 11 ɗauke da ƙwayar cutar HIV a gunduma ɗaya ta karkara mai suna Scott. A shekarun baya gundumar ba ta kai mutum biyar a shekara. Kafin farkon watan Nuwamba adadin ya kai 181, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan mutane suna ɗauke da ciwon hanta nau'in C ma. Yawancinsu mazauna gari ɗaya ne mai suna Austin, wanda mutanensa ba su wuce 4,200 ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo tarihin wani ƙaramin garin Amurka cikin littafin nazari na ma'aikatan ikilisiya? Yankin nan cike yake da majami'u. Gwamnan jihar a lokacin mai bi ne wanda ba ya ɓoye bangaskiyarsa. Gardamar da ta jinkirta taimako kuwa irin wadda mu fastoci muka saba da ita ce: idan ka kāre mai zunubi daga wani sakamakon zunubinsa, ka yi masa jinƙai ne, ko ka sa hannu cikin zunubin? Tarihin Austin ya nuna cewa an san maganin matsalar tun kafin ta zo. Abin da ya ba cutar sarari shi ne kunya, da shiru, da jan ƙafa. Abin da ya tare ta kuma shi ne mutanen da suka yarda su je ƙofar maƙwabtansu.

1. Cututtuka biyu, hanya ɗaya

An fara ba da rahoton cutar ƙanjamau a Amurka a 1981, aka gano ƙwayar da ke kawo ta a 1983. Tun daga 1996 ake da haɗin magungunan da ke danne ƙwayar HIV, har mutum ya yi tsawon rai cikin ƙoshin lafiya. Wanda yake shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Amma maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, sai dai a yi ta sha har ƙarshen rai.

Ƙwayar ciwon hanta nau'in C an gano ta a 1989. Jini ne babbar hanyarta. Cikin mutum goma da suka kamu, kamar uku jikinsu kan kore ta da kansa, sauran bakwai kuwa takan zauna a hantarsu shiru, shekara ashirin ko talatin, sai hantar ta ƙandare ko ta kamu da daji. Ba ta da allurar rigakafi, saɓanin nau'in B. Amma tun daga ƙarshen 2013 aka samu ƙwayoyin da ke warkar da ita cikin wata biyu zuwa uku, fiye da mutum 95 cikin ɗari sukan warke. Sa'ad da maganin farko, sofosbuvir, ya fito a Amurka, kuɗin ƙwaya ɗaya dala 1,000 ne, wato dala 84,000 kafin a gama sha. Yanzu ya yi sauƙi ƙwarai a ƙasashe masu tasowa.

Abin da ya kamata mai hidima ya riƙe shi ne wannan. Cututtukan biyu suna bin allura da sirinjin da aka yi wa wani amfani da su, amma ƙwayar hanta ta fi saurin kamawa ta wannan hanya, takan kuma yi makonni da rai a cikin sirinji. Saboda haka ita takan riga zuwa. Inda aka ga ciwon hanta nau'in C yana ƙaruwa tsakanin samari, an san ana karɓa-karɓar allura a wurin, kuma hanyar HIV a buɗe take. Ciwon hanta shi ne hayaƙin da ke nuna akwai wuta.

2. Abin da aka riga aka sani

A 1984, a birnin Amstadam na ƙasar Holan, wata ƙungiya ta masu yi wa kansu allurar ƙwaya ta soma musayar allura tare da hukumar lafiya ta birnin: mutum ya kawo tsohuwa, a ba shi sabuwa. Ciwon hanta nau'in B suke gudu a lokacin. A birnin Edinbura na Sikotilan kuwa an bi wata hanya dabam. 'Yan sanda suna ƙwace allurai, masu shagunan magani suka daina sayarwa, da nufin a hana shan ƙwaya. Mashaya ba su daina ba, sai suka koma amfani da allura ɗaya su da yawa. Wani likitan unguwa, Roy Robertson, ya gwada jinin marasa lafiyarsa masu allurar ƙwaya, ya tarar kusan rabinsu sun kamu da HIV. An buga sakamakon a 1986, a 1987 kuma gwamnatin Birtaniya, wadda ta masu ra'ayin riƙau ce, ta buɗe wuraren musayar allura na gwaji.

Amurka ta ƙi wannan hanya. A 1988 majalisar dokokinta ta hana a kashe kuɗin gwamnatin tarayya a kan musayar allura, jihohi da yawa kuma, har da Indiyana, suka bar abin a matsayin laifi a doka.

Jihar Indiyana tana da wani tarihi na kanta da ƙanjamau. Ryan White yaro ne daga garin Kokomo, mai ciwon rashin daskarewar jini. Ya kamu da HIV ta maganin da ake yi masa daga jinin mutane, aka gano a watan Disamba na 1984 yana da shekara 13. A 1985 aka hana shi komawa makaranta, iyayen yara da malamai suka yi ta sa hannu a takardar ƙin karɓarsa. Shi da kansa ya ba da labari cewa a majami'arsu, ranar Ista, da aka ce kowa ya gaisa da na kusa da shi, ba wanda ya yarda ya sha hannu da shi. Iyalinsa suka ƙaura zuwa garin Cicero a 1987, inda makarantar ta koya wa ɗalibai da iyaye gaskiyar cutar tun kafin ya iso, aka karɓe shi hannu bibbiyu. Ya rasu a watan Afrilu na 1990, a shekarar kuma aka sa sunansa a babbar dokar tallafa wa masu HIV ta Amurka. Garuruwa biyu a jiha ɗaya, cuta ɗaya, yaro ɗaya. Bambancin shi ne a ɗaya an shirya zukatan jama'a tukuna.

3. Austin kafin annoba

Austin yana kudancin Indiyana, a bakin babbar hanyar mota da manyan motocin kaya ke bi zuwa birnin Louisville. Garin ya girma ne a gindin wani kamfanin abincin gwangwani, iyalai da yawa kuma sun zo ne daga duwatsun gabashin Kentaki neman aiki. Da ayyukan hannu suka ragu, talauci ya zauna. A lokacin annobar kusan mutum ɗaya cikin biyar a gundumar yana cikin talauci, fiye da ɗaya cikin biyar na manya kuma bai gama sakandare ba. Likita ɗaya ne a garin, Dokta Will Cooke, Kirista, wanda ya buɗe asibitinsa a 2004. Wurin da ake gwajin HIV cikin sauƙi a gundumar an rufe shi a 2013.

Ƙwayar da ta cinye garin ba a ɓoye aka shigo da ita ƙasar ba. Maganin kashe zafin ciwo ne mai ƙarfi, dangin tiramadol amma ya fi shi nesa ba kusa ba, sunansa Opana, likitoci ne ke rubuta shi. Tun a 2012 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton mace-macen da yake jawowa a gundumar Scott. A wannan shekara kamfanin da ke yin sa ya sauya ƙwayar ta yi tauri, don kada a daka ta a shaƙa. Sai mashaya suka koyi narkar da ita su yi allura. Ƙwaya ɗaya takan fi dala ɗari a bayan fage, saboda haka mutum uku ko huɗu sukan haɗa kuɗi su raba, da sirinji ɗaya. Ƙarfinta kuma ba ya daɗewa, jiki yakan soma ciwo da rawa da amai bayan 'yan sa'o'i. Binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ya nuna mutane suna yin allura sau 4 zuwa 15 a yini, kuma a wasu gidaje kaka da 'ya da jika suna yi tare. Sabuwar allura ba ta samuwa, wanda aka kama da ita kuma ya shiga hannun hukuma. Sai a yi ta amfani da guda har ta dakushe.

Hayaƙin ya daɗe yana tashi. A jihohi huɗu na wannan yanki, Kentaki, Tenesi, Bajiniya da Bajiniya ta Yamma, sabon kamuwa da ciwon hanta nau'in C tsakanin 'yan shekara 30 zuwa ƙasa ya ƙaru da kashi 364 cikin ɗari daga 2006 zuwa 2012, kuma ya fi yawa a karkara. A Austin kowa ya san gidajen da ake abin nan. Ana jana'izar samari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa ya yi shekaru a tsage.

4. Wata biyu na jira

Ranar 23 ga Janairu, 2015, hukumar lafiya ta jihar ta soma bincike a kan mutum 11 ɗin nan. A ƙarshen Fabrairu aka sanar wa jama'a, adadin ya kusa talatin. Masana lafiya suka ce a buɗe musayar allura nan da nan. Doka ta hana, gwamna kaɗai ke da ikon ɗage ta na ɗan lokaci.

Gwamna Mike Pence, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya daɗe yana adawa da wannan tsari, don yana ganin kamar gwamnati ce ke miƙa wa mashayi kayan aikinsa. A mako na ƙarshe na watan Maris ya zauna da jami'an lafiya, ya ce musu zai je gida ya yi addu'a a kan maganar. Ya kuma kira shugaban 'yan sandan gundumar, Dan McClain, wanda kurkukunsa ke cike da waɗannan samari, shi kuwa ya ba shi shawara a yarda. Ranar 26 ga Maris gwamnan ya kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya a gundumar, ya ba da izinin musayar allura na kwana 30, yana mai jaddada cewa ra'ayinsa a kan tsarin bai sauya ba, larura ce ta sa. A ranar adadin ya kusa 80. An buɗe wurin ranar 4 ga Afrilu. Ranar 21 ga Afrilu an ƙirga mutum 135.

Ya kamata mu yi wa wannan mutum adalci. Ya yi addu'a, ya nemi shawara, ya yi abin da zuciyarsa ba ta so domin ceton rai, abin da shugabanni da yawa ba su yi ba. Duk da haka wata biyu sun wuce tsakanin sanin matsalar da yanke shawara, ƙwayar cuta kuwa ba ta jira kowa ya gama tunani. A watan Mayu aka sa hannu a dokar jihar da ta ba gundumomi damar neman izinin irin wannan tsari. A watan Disamba majalisar tarayya ta sassauta hanin 1988, da goyon bayan 'yan majalisa masu ra'ayin riƙau daga Kentaki, waɗanda suka ga abin yana ƙofar gidansu.

5. Yadda aka tare ta

Kuskure ne a ɗauka allura kaɗai ta yi aikin. Abubuwa huɗu aka haɗa.

Na fari, bin sawu. Duk wanda gwaji ya nuna ya kamu, sai a zauna da shi a asirce a tambaye shi su wa ya yi allura ko ya kwana da su. An samu sunaye 536, aka bi gida gida har aka samu 468 aka gwada su. Da aka duba ƙwayoyin cutar a ɗakin bincike, sai aka ga kusan dukansu tsatso ɗaya ne. Wato daga ƙofa ɗaya cutar ta shigo, ta bi dangi da abokai.

Na biyu, an tara taimako a wuri ɗaya. Ma'aikatan sun tarar cewa da yawa daga cikin marasa lafiyar ba su da katin shaida, ba su da takardar haihuwa, ba su da inshorar lafiya, ba su da motar zuwa birni. Ba su kuma iya samun magani sai da waɗannan. Sai aka buɗe cibiya ɗaya a Austin inda mutum zai yi gwaji, ya sami katin shaida, ya yi rajistar inshora, a yi masa rigakafin ciwon hanta nau'in A da B, a haɗa shi da masu taimakon barin ƙwaya, duk a rana ɗaya.

Na uku, an kai abin inda mutane suke. Da fari kaɗan ne suka zo wurin musayar, don tsoron idon jama'a da na 'yan sanda. Sai ma'aikatan jinya na gundumar, 'yan asalin wurin, suka sa kayan a mota suna zagaya unguwanni. Suna karɓar tsofaffin allurai, suna duba gyambo, suna tambayar wanda ya sha maganinsa da wanda bai sha ba, suna kiran kowa da sunansa. A hankali aka yarda da su. Mutum ba ya karɓar shawarar barin ƙwaya daga wanda bai taɓa gaishe shi ba.

Na huɗu, an kawo maganin HIV cikin garin. Dokta Cooke ya koyi aikin tare da taimakon ƙwararru daga waje, ya mai da asibitinsa wurin kula da masu cutar, don kada a ce sai an yi doguwar tafiya. Waɗanda suka bar ƙwaya suka zama masu jan hannun 'yan'uwansu. Wasu majami'u suka buɗe ƙofa domin abinci da tarurrukan masu neman barin shaye-shaye. Daga tsakiyar 2015 sabon kamuwa ya faɗi ƙwarai. A 2020 mutum ɗaya kacal aka samu a gundumar.

6. Kuɗin jinkiri

A 2018 masu bincike biyu na Jami'ar Yale, Gregg Gonsalves da Forrest Crawford, suka yi lissafin abin da zai faru da an soma wannan aiki da wuri. Sun kiyasta cewa da an soma a farkon 2013, waɗanda za su kamu ba za su wuce 56 ba. Da an soma a 2011 kuwa, ba za su wuce goma ba. Kiyasi ne, amma saƙonsa a fili yake: babban jinkirin ba na wata biyun gwamna ba ne kaɗai, na shekarun da gari duka ya yi yana kallo ne.

CDC ma ta yi nata lissafi a 2016. Ta duba talauci, da rashin aiki, da mace-macen ƙwaya, da yawan ciwon hanta, ta fitar da gundumomi 220 a jihohi 26 waɗanda irin wannan annoba za ta iya faɗa musu. Yawancinsu na karkara ne, fiye da rabi a Kentaki, Tenesi da Bajiniya ta Yamma. Gundumar Scott ita ce ta 32 a jerin. Wato akwai 31 da suka fi ta zama cikin haɗari. A 2017 aka janye Opana daga kasuwa bisa buƙatar hukumar kula da magunguna.

Labarin bai ƙare da daɗi duka ba. A watan Yuni na 2021, sa'ad da jimillar waɗanda suka kamu ta kai kamar 235, shugabannin gundumar Scott suka jefa ƙuri'a, biyu da ɗaya, a rufe wurin musayar allura. Likitoci, da jami'an tsaro, da Dokta Jerome Adams wanda shi ne kwamishinan lafiya na jihar a 2015, sun roƙa a bar shi. Ɗaya daga cikin masu ƙuri'ar ya ce ya san mashayan giya, ba ya kuwa saya musu kwalba, don haka yana jin nauyin miƙa allura ga wanda ya san zai cuci kansa da ita. Da wuta ta lafa, tsohuwar tambayar ta komo.

7. Tambayar da ke gaban mai hidima

Kada mu rena damuwar wannan mutum. Manzo Bulus ya ƙi koyarwar da ke cewa a yi mugunta domin nagarta ta fito (Romawa 3:8), ya kuma ƙi a ci gaba da zunubi da sunan alheri (Romawa 6:1-2). Masu bi na gaskiya sun rabu a kan wannan magana, har yanzu ma suna rabe. Amma akwai abubuwan da ya kamata a sa a ma'auni.

Da fari, me sabuwar allura take sauyawa? Mashayin yana da allura tun kafin ka zo. Abin da ka sauya shi ne ko jinin wani yana cikinta ko babu. Bincike na shekaru fiye da talatin bai nuna cewa musayar allura tana ƙara yawan mashaya ba. CDC ta ce tana rage sabon kamuwa da HIV da ciwon hanta nau'in C da kusan rabi, kuma waɗanda suke zuwa irin waɗannan wurare sun fi sauran shiga jinyar barin ƙwaya har ninki biyar.

Na biyu, Shari'ar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, don kada alhakin jini ya hau gidansa idan wani ya faɗo (Maimaitawar Shari'a 22:8). Dokar ba ta tambayi ko wanda ya faɗo ɗin ganganci ya yi ko a buge yake ba. A kan mai gida ta ɗora nauyin, tun ranar gini. Ezekiyel 33 kuma ya ɗora jinin mutanen gari a kan mai tsaron da ya ga takobi yana zuwa bai busa ƙaho ba. A waɗannan wurare biyu, rashin yin abu laifi ne da ake tambayar mutum a kansa. Wanda ya ce zai jira har hannunsa ya fita da tsabta, ya sani jiran ma shawara ce, tana kuma da nata sakamako.

Na uku, mu duba jerin yadda Ubangiji ya yi da matar da aka kama cikin zina (Yohanna 8:1-11). Ya tsame ta daga hannun masu jifa tukuna, sa'an nan ya ce mata ta bar zunubi. Bai bar ɗaya daga cikin biyun ba, amma wanda ya riga ya riga. Matacce ba ya tuba. Ban da haka, cutar ba ta tsayawa a kan mashayi. Tana zuwa wurin matarsa, da jaririn da ke cikinta, waɗanda ba su taɓa riƙe sirinji ba.

Haka kuma, allura mai tsabta ba ta 'yantar da kowa daga bauta. A gundumar Scott an ci gaba da mutuwa saboda ƙwaya bayan HIV ta lafa. Jarabar ƙwaya tana kama jiki da ruhu, tana bukatar likita da magani, tana kuma bukatar tuba, da zumunci, da aikin yi, da iyalin da za su sāke karɓar mutum. Wannan rabo na biyu, babu wata hukumar lafiya da za ta iya yin sa kamar ikilisiya.

8. Abin da ya shafi garuruwanmu

Alamun da aka ƙyale a Austin ba baƙi ba ne a wurinmu. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya kiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan asibiti ne irin su tiramadol da kodin, kamar 80,000 kuma allura suke yi. A wannan shekara gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Tarihin Opana yana gargaɗinmu cewa idan aka toshe hanya ɗaya ba a yi jinyar mashayin ba, yakan nemi wata, wani lokaci wadda ta fi muni. Babban binciken HIV na ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari na manya da HIV, kashi 8.1 da ciwon hanta nau'in B, kashi 1.1 da nau'in C, wasu jihohi kuma sun fi haka nesa.

A ƙauyukanmu jini yana da hanyoyin da Austin ba shi da su. Akwai allurar kemis da ta mai yawo da jaka, ga mutanenmu kuma da yawa ba su yarda sun sami magani ba sai an yi musu allura. Akwai askar wanzami wajen aski, da kaciya, da ƙaho, da cire beli, da tsaga. Akwai almakashin mai yankan farce, da rezar yanke cibiya, da ƙarin jinin da ba a gwada ba. Yawancin masu ciwon hanta a cikin ikilisiyoyinmu ta irin waɗannan hanyoyi ne ko wajen haihuwa suka samu, shi ya sa bai kamata mai wa'azi ya mai da sunan cuta sunan zunubi ba (Yohanna 9:1-3). Dakatar da tallafin ƙasashen waje da Amurka ta yi a farkon 2025 ya kuma tuna mana cewa taimakon nesa ba abin jingina ba ne.

Ba a ce fasto ya zama likita ba. Amma shi ne yake jana'iza, shi ne iyaye mata suke kawo wa kukan 'ya'yansu, saboda haka yakan ga hayaƙi kafin ma'aikatar lafiya ta gani. Idan samari suna mutuwa da kumburin ciki da shawara, ko ana tsintar sirinji a kango da bayan makaranta, ya je wurin jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, tare da mai gari da limami, a nemi a kawo gwaji. Ranar gwajin, shi da matarsa da dattawan ikilisiya su fara miƙa hannu. Ya zauna da wanzamai da masu kemis cikin girmamawa a kan sabuwar reza da sabuwar allura ga kowane mutum. Zumuntar mata ta ɗauki nauyin ganin kowace mai ciki ta je awo, kowane jariri kuma ya sami rigakafin ciwon hanta nau'in B a ranar haihuwa. Sakamakon gwajin kafin aure amana ce, ba abin sanarwa ba ne, dokar hana wariya ga masu HIV ta 2014 ma ta kāre asirinsa. Wanda aka sa a horon ikilisiya saboda shaye-shaye kuwa, a naɗa dattijon da zai riƙa ziyartarsa kowane mako, gama horo domin maidowa ne.

Rigakafi ya fi magani, kowa ya san karin maganar. Wuyarta ita ce lokacin rigakafi shi ne lokacin da ba wanda yake ganin akwai matsala, wanda ya yi magana kuma a ce yana ɓata sunan gari. Mutanen Austin sun yi aikin kirki a 2015. Da a 2011 suka yi shi, da kusan dukan waɗanda suka kamu sun tsira.

Tambayoyi domin nazari da tattaunawa

1. Me ya sa yawaitar ciwon hanta nau'in C tsakanin samari gargaɗi ne game da HIV? Waɗanne alamu ne mai hidima zai iya gani a garinsa?

2. Kwatanta yadda Kokomo da Cicero suka karɓi Ryan White. Wane shiri ikilisiyarku ta yi kafin irin wannan rana?

3. Karanta Romawa 3:8 tare da Maimaitawar Shari'a 22:8. Da kai ne gwamna ya kira neman shawara a watan Janairu na 2015, me za ka faɗa masa, bisa wane dalili?

4. Lissafta hanyoyi biyar da jinin wani ke iya shiga jikin wani a garin da kake hidima. Wa ya kamata ka fara yi wa magana a kan kowace ɗaya?

5. Wani dattijo ya nemi ka gaya wa majalisar dattawa sakamakon gwajin wani saurayi mai shirin aure. Yaya za ka amsa masa?